Dutsen da Ke Bakin Rami: Shekara Tara Babu Yaya Lawali

Shekara tara ke nan da aka kai Yaya Lawali makwancinsa a Tsafe. Duk shekara in lokacin ya zagayo, tsofaffin ɗalibansa kan bugo mini waya su yi masa addu'a, wani ya ce, "Sista Luba, ya kamata dai a rubuta wani abu a kan Malam." Sai in ce to, in ajiye waya in ci gaba da harkokina, don ni ma'aikaciyar jinya ce, allura na iya, ba alƙalami ba. Bana babu wanda ya roƙe ni. Tsoro ne ya zaunar da ni. Bashar, ɗa namiji tilo da Yaya ya bari, yanzu haka yana cikin ramin haƙar zinari a wani daji can bayan Bungudu, kuma ban sani ba ko zan sake ganin sa yana takawa da ƙafafunsa.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Lawali shi ne babba a ɗakinmu, kuma malamin Fiziks ne a wata makarantar sakandare a Tsafe har ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Dogo ne siriri, gaban rigarsa kullum fari fat da alli. Yana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa: ba ya iya ganin abu mai nauyi a sama ya wuce. In ya shiga gidan mutane ya hango bulo a kan katanga, ko duwatsun nan da ake danne kwanon rufi da su, to gaisuwa ta ƙare ke nan sai an yi maganarsu. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ba ta taɓa ganin namiji mai tsoron dutsen da ke kwance ba sai nata. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Inna, ba kwance yake ba, jira yake." Mu dai dariya muke yi masa.

Ni da Fiziks kuwa ba ma ga maciji. Dole ce ta haɗa mu, don ba a shiga makarantar jinya sai da shi. Shekarar da zan yi jarrabawar fita, Yaya ya ɗauki nauyin koya mini a tsakar gida bayan la'asar, ina tsince shinkafa yana surutu. Wata rana ya kawo darasin ƙarfin da abu ke ajiyewa saboda tsayin inda yake. Ya ce duk abin da aka ɗaga, wahalar ɗagawar ba ɓacewa take ba, tana nan ajiye, ranar da aka saki abin za ta fito gaba ɗaya. Lissafin haruffa uku ne, m da g da h: nauyin abin a kilo, sau jan da duniya ke yi masa, wanda 'yan makaranta ke ɗauka goma, sau tsayi a mita. Na ce wannan ai ko ɗan firamare ya iya. Sai ya ba ni tambaya: an ɗauki guga cike da ruwa, kilo biyar, daga bakin rijiya an zura shi har gindinta, nawa ƙarfin ya canja?

Ko alƙalami ban ɗauka ba na ce sifiri. Ya ce don me? Na ce gugan a ƙasa yake tun farko, ba a kan tebur ba, ba a kan bishiya ba. Daga ƙasa ya tashi, ƙasa ya tafi. Ina tsayin yake?

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na cika na yi fam. Da ya nutsu ya ce kada in ji haushi, duk shekara fiye da rabin ajinsa wannan amsar suke ba shi, kuma ba daƙiƙanci ba ne, bakinmu ne ya ja mana. Kalma ɗaya gare mu. Inda muke takawa ƙasa, abin da muke nomawa ƙasa, in abu ya sauka mu ce ya yi ƙasa. Shi ya sa Bahaushe in ya ji an ce abu yana ƙasa, hankalinsa ya kwanta, a ganinsa abin ya kai ƙarshen tafiya. Ya ce ko karin maganar nan ta komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, gaskiya ce, amma ba ta gaya maka wace ƙasar ba.

Daga nan ya tasa ni gaba zuwa rijiyar gidanmu. Tsofaffi sun ce gaba bakwai ce, shi ya taɓa auna ta da igiya ya samu wajen mita goma sha biyu. Ya sa na jawo guga cike har tafin hannuna ya yi zafi, na dire shi a baki. Ya ce, "To, a ƙasa yake. Wa ya ci wahalar da kika sha?"  Ya rubuta da tsinke a kan danshin bakin rijiyar: biyar sau goma sau goma sha biyu, jul ɗari shida, don jul ake kiran ma'aunin. Ya ce in na ga dama in ajiye sifirina a gindin rijiya, guga ya fara da ɗari shida ya ƙare da babu. In na ga dama in ajiye shi nan inda nake tsaye, guga ya fara da babu ya ƙare da ɗari shida ƙasa da sifiri. Na ce, "Haba Yaya, abu ya kasa babu?" Ya ce, "Bai kasa babu ba, Luba, ya kasa inda kike tsaye ne. Sifiri naki ne, ki kai shi inda kike so. Bambancin tsakanin sama da gindi kuwa ba ruwansa da ra'ayinki." Na ci jarrabawar da ƙyar da jiɓin goshi, na tattara darasin na watsar, ban sake tuna shi ba fiye da shekara ashirin.

Da Yaya zai dawo yau, ban san ta inda zan fara yi masa bayani ba. Hanyar Tsafe zuwa Gusau da yake bi a kan babur duk lokacin da ya bushi iska, yanzu sai mutum ya duba rana, ya tambayi direbobi, ya karanta duk addu'ar da ya haddace kafin ya shiga mota. Bayan rasuwarsa, matarsa ta koma wajen danginta a Bungudu da 'ya'yan, kuma suna da gona ta wajen Rawayya da ta riƙe su shekaru. Bashar ya gama sakandare, Fiziks ɗinsa ya yi kyau, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma babu halin ci gaba, sai ya kama fartanya, ya yi aure, yana noma dawa da gero yana ciyar da uwarsa da ƙannensa mata. Sai mutanen daji suka sa gonar ta fi ƙarfin zuwa. Damina biyu ba a jefa ƙwaya ɗaya a cikinta ba. Da na tambaye shi abin da yake yi, ya ce mini aikin gini yake bi. Na yarda, don ina son in yarda.

Wata biyu da suka wuce, da rana tsaka, ina sashen gaggawa na asibitin da nake aiki a Gusau, sai ga babur ya shigo da mutum uku. Na tsakiya kansa naɗe da rawani, jini ya rine shi. Na bayan da ke rungume da shi jar ƙasa ta rufe shi tun daga gashi har ƙafa, idanu kawai ake gani. Na zo da gadon turawa ina faɗa a sauke shi a hankali, sai na bayan nan ya ce, "Gwaggo." Wallahi muryar Bashar ce. 

Wanda ya ji ciwon sunansa Mamman, magidanci ne mai 'ya'ya uku. Muna ta kansa, wanda ya tuƙo babur ɗin yana bakin ƙofa yana kuka kamar ƙaramin yaro, duk wanda ya gifta sai ya riƙe shi ya yi masa rantsuwa. Shi ne mai jan igiya a bakin ramin. Da na fito ya tare ni. "Sista, wallahi ban jehwa shi ba. Ƙasa yake. Wanga dutse ƙasa yake, ƙahwata ce kawai ta taɓa shi."

 Mutumin nan ba ƙarya yake ba. A wurinsa dutsen yana ƙasa, a gefen takalminsa, abin da ko kallo bai isa ba. A wurin waɗanda ke gindin ramin kuwa, dutsen nan yana can sama da kawunansu tun da aka ajiye shi. Amsar da na ba Yaya ina tsince shinkafa ce wani ƙato ke maimaita mini da hawaye, bayan ta fasa kan mutum. Mamman ya rayu, alhamdu lillahi, amma har aka sallame shi hannun damansa ba ya riƙe cokali, kuma in zai kira sunan matarsa sai ya yi ta laluben kalmar.

Da yamma na ja Bashar gindin dogon yaron da ke harabar asibitin, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce masa maƙaryaci. Na ce aikin ginin ke nan, ginin kabari? Na ce da ubansa na da rai da ko hanyar dajin nan bai isa ya kalla ba. Na yi ta faɗa har na gaji don kaina. Sannan na tambaye shi inda yake lokacin da abin ya faru. Ya ce a gindin ramin, shi da Mamman suna cika buhu, kafaɗarsu na gugar juna.

Na ce, "Ka san abin da kake yi kuwa?"

Ya ce, "Na sani, Gwaggo. Ramin mita ashirin ne, ni na auna shi. Dutsen bai wuce dunƙulen hura ba, ki ce rabin kilo. Jul ɗari ke nan. Kamar a ɗaga bulo mai kilo goma mita ɗaya a sako ma mutum a ka."

Yadda ya faɗe shi, a hankali, yana zana lambobin da yatsa a kan gwiwarsa, sak ubansa. Na ce buhun da ake ja ta saman kanku fa, kilo nawa ne? Ya ce yakan kai talatin. Na ce to nawa ke nan in igiya ta tsinke? Ya ce, "Bar shi, Gwaggo." Bai san na riga na yi ba. Ni da ban taɓa yin lissafin nan don raɗin kaina ba, ranar ya fito mini a ka tsaf babu ko gargada, dubu shida, na yi da na sanin iya shi.

A nan ya gaya mini abin da yake yi a wurin. Tun ranar da ya fara, kowace safiya kafin kowa ya sauka, sai ya ɗauki tsintsiya ya share bakin ramin, ya kwashe duk wani dutse da tsakuwa ya kai nesa. Ƙattin wurin suka sa masa suna Amarya, in ya sunkuya suna ce masa a gaida mai shara, yaushe za a ɗora tukunya. Bai kula su ba. Ya kuma matsa har aka sare wani ɗan lungu a jikin ramin daga gindi, inda mutum zai raɓe in ana jan buhu. Na ce to ina amfanin sharar, ga Mamman can kwance? Ya ce, "Na share da sahe. Daga buhun da munka tura sama ya zubo." Wannan amsar ta fi komai tsorata ni, domin da sakaci ne da na ce a daina sakaci.

Na roƙe shi. Na ce ya dawo Gusau ya zauna wurina, a ci abin da ya samu. Ya ce shi da uwarsa da ƙannensa da matarsa mai tsohon ciki, duk a ɗakina guda biyu? Ya ce in ya koma gona akwai masu jiran sa, in ya zauna gida yunwa ba ta sallama. Gaba kura baya sayaki, ya zaɓi wadda aƙalla ya san zurfinta. Washegari na shiga kasuwa na sayo masa hular kwano irin ta masu babur. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ce za ta tare tsakuwa. Bai ce za ta tare wani abu bayan tsakuwa ba, ni ma ban tambaya ba.

Tun ranar nake gardama da Yaya a zuciyata, ina wanke hannu ina yi, ina kan sallaya ina yi. Me zai ce? Wani lokaci in ga kamar zai ɗauki sanda ya tafi har dajin ya fito da ɗansa ta kunne. Wani lokaci kuma in tuna shi mutum ne da bai taɓa hana ni zuwa rijiya ba, sai dai ya nuna mini zurfinta, sai in ga kamar zuwa zai yi da igiyar awo ya duba lungun nan ya ce a ƙara faɗinsa. Akwai ranar da nake jin haushinsa ƙarara, Allah ya yafe mini. Ya cika yaro da sani, ya tafi ya bar shi a zamanin da sanin bai isa ya fitar da shi daga rami ba. Abokan aikin Bashar suna sauka suna waƙa, don su a ganinsu abin da ke ƙasa ya gama faɗuwa. Shi kaɗai ke sauka yana sane da nauyin duk abin da ke bisa kansa. An ce rashin sani ya fi dare duhu, ban musa ba, amma ban taɓa zaton sani ma yana hana mutum haɗiyar abinci ba sai da na ga yadda wuyan yaron nan ya rame.

Kafin ya koma na sa ya yi mini alkawari ɗaya, na ce ya rantse. Ya ce ko ban sa shi ba, ba zai kai damina a ciki ba. Ya ce dutse ɗaya ana iya share shi, amma in ruwa ya sauka bangon ramin kansa ke jiƙa, ya yi nauyi, ya saki, kuma babu tsintsiyar da ke share bango. Yana so dai ya ɗan ƙara kwanaki ya haɗa abin suna da abin da za su ci zuwa kaka. "Kahin ruwan hwari na hito, Gwaggo. In sha Allahu ba ya iske ni ciki." Na raka shi tasha, na tsaya har motar Bungudu ta cika ta tashi.

In aka tambaye ni abin da Yaya Lawali ya bari, ba zan nuna gida ba, don gidan Tsafe na gado ne kuma rabinsa ya zube. Bai rubuta littafi ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Akwai ɗalibansa da suka zama injiniyoyi da likitoci, suna kira suna yi masa addu'a, Allah ya saka musu. Amma ni abin da na gani da idona shi ne wannan: a wani daji da ko sunansa ba na son faɗa, akwai magidanci da ke sunkuyawa da tsintsiya kowace safiya saboda mutanen da za su sauka ƙarƙashinsa, kuma ya ce mini tun bayan Mamman ba a ƙara ce masa Amarya ba, ramukan da ke kusa ma sun sayi tsintsiya. Ban san kai nawa wannan ya tsare ba, ba kuma wanda zai taɓa sani, tunda dutsen da bai faɗo ba ba ya zuwa asibiti. Ina roƙon Allah ya kai ladan kabarin Yaya, ya yi masa rahama, ya sa ya huta. Ku ma da kuka karanta ku sa shi a addu'a, ku haɗa da ɗansa.

Inda suke babu sabis, sai mutum ya hau wani tudu kafin waya ta shiga, saboda haka shi ke kira, ni ba na samun sa. Rabona da jin muryarsa an kwana biyu. Jiya da la'asar ina dawowa daga aiki iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙamshin ruwa ya cika unguwa. Yara suka fito suna tsalle. Maƙwabciyata Hajiya, wadda zafin bana ya hana ta sakat, tana kwashe shanya ta hango ni ta ɗaga hannu sama ta ce, "Sista, kin ga rahama! Allah ya saukar mana da shi yau ɗin nan." Ni 'yar manoma ce, tun da na yi wayo ban taɓa jin an roƙi ruwa na yi shiru ba. Na tsaya a ƙofar gida da waya a hannu, tana kallona tana jira, na kasa ce mata amin.